Dutsen Bayan Majami'a

Na san abin da aka gaya muku game da barina Gidan Ɗanbaƙo. Wasu sun ce dattawan ikilisiya ne suka tsige ni saboda kaifin baki, wasu sun ce faɗa na yi da mutanen gari, har akwai wanda ya rantse wa uwarku a kasuwar Batsari cewa wa'azina ne ya yi tsawo, jama'a suka gaji suka kai ƙara. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake da ƙamshin gaskiya, don wa'azina yana da tsawo, ban taɓa musawa ba. Shekara da shekaru ina jin waɗannan maganganu ina haɗiyewa, domin amsar ba tawa ce ni kaɗai ba. Akwai wadda take cikin labarin, na riga na tona mata asiri sau ɗaya, na kuwa yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ba muddin tana da rai. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma ido ya fara gajiya, gara in rubuta muku da hannuna. Kai Babba, kai ne babban ɗana, ka fi sauran haƙƙin ji, don kana cikin labarin, ko da yake a goye ka yi shi.

Ni ne ɗan farin kakarku Kande. Ku da kuke zaune a gari kuna ganin matan yanzu suna cilla ɗan fari sama suna kiran sunansa a gaban surukai, ba za ku gane yadda kunyar ɗan fari take a wurinmu ba. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, a ɗakinta na girma. Wadda ta haife ni ba ta kallon fuskata, ba ta zama inda nake zaune, in na shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a bayan rumbu. An raɗa mini suna Nomau, don ana tsakiyar noma aka haife ni, amma har na girma sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce mini. In kuwa tana da magana da ni, kajinta take gaya wa. Sai ta fito da tsaba tana watsa musu, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Ku kaji, an ce gobe za a tahi gona da sassahe. Ga hura nan cikin ƙwarya an ruhe, kada wani shi tahi da yunwa."

Ina yaro abin bai taɓa damuna ba. Furata ta fi ta kowa yawa, kuma in zazzaɓi ya kama ni nakan ga inuwar mutum tana kai da kawowa a bayan zanan ɗakin kakata har in warke. Na san wace ce, ita ma ta san na sani, muka zauna lafiya a haka.

Gidanmu gidan gargajiya ne tun kakanni. A zamanina ne aka rarrabu. Yawancin dangi suka musulunta, cikinsu har da Kawu Sale, wan kakarku da ke Tsaskiya, mu kaɗan muka karɓi bishara, mahaifina kuwa ya mutu a kan abin da ya gada. Da aka ga bakina yana da kaifi kuma na iya karatu, aka tura ni makarantar masu bishara. Na dawo da sabon suna Ishaya, da keke, da kwat ɗaya da nake sawa ko ana zafin bazara, da kai cike da amsoshin tambayoyin da ba wanda ya yi mini. Na auri uwarku Rifkatu. Da hannuna na buga tubalin majami'armu, ni na ɗora azara, ni na rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin tsamiya muna bugawa ranar Lahadi. Ɗakin ba shi da girma, ƙofa ɗaya ce, da 'yar taga a bango bayan teburin da nake tsayawa. Amma yana cika, mutane har daga ƙauyukan kewaye suke zuwa jin yaron nan mai murya. Ina son ɗakin nan ƙwarai, ina kuma son kaina a cikinsa fiye da yadda ya kamata.

Abu ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya: uwata ba ta zuwa. Ƙanwata Auta tana zuwa, matan ƙannen babana suna zuwa, ita kuwa da zarar an buga ƙarfe sai ta ɗauki ƙwaryar gyaɗarta ta fice, wai za ta je ɓara a maƙwabta. Na aiki Rifkatu sau da yawa ta roƙe ta, amsar ba ta canzawa, "A ce ma wancan na ji." A makaranta an koya mana cewa al'adun da suke tare mutum daga bin Ubangiji kaya ne da ake sauke su, ni kuwa na ɗauki kunyar nan na jefa cikin wannan buhu ban ko duba ba. A ganina taurin kai ne kawai. Ina tsaye ina kiran baƙi su tuba, uwar da ta haife ni tana can tana ɓarar gyaɗa, abin yana ƙona mini rai.

Shekara ta uku da buɗe majami'a, ranar wata Lahadi da ruwan shuka ya sauka, ɗakin ya cika har ƙofa. Ina wa'azi a kan bin Yesu a fili, cewa almajirinsa ba ya ɓuya, kuma ba ya fifita uwa ko uba ko gona a kan Ubangijinsa. Maganar ta yi mini daɗi a baki, jikina ya ɗauki zafi, na nemi misalin da zai girgiza mutane, sai na miƙa hannu na ɗauko wanda ya fi kusa.

Na ce, "Ina da uwa a garin nan, Kande sunanta, ita ta haife ni. Shekara uku ina buga ƙarfen nan tana ji, ta gwammace ɓarar gyaɗa da ceton ranta. In Ubangiji ya dawo yau, ni ɗanta na fari zan ba da shaida a kanta!"

Tsofaffin mata suka sunkuyar da kai, wani dattijo ya cire hularsa yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki. Ni kuwa na ɗauka ikon Ruhu ne ya sauka, na ƙara murya. A daidai lokacin na ji wani abu ya faɗi a bayan bango kamar ƙwarya, na ce awaki ne, na ci gaba da wa'azina har rana ta take.

Kafin la'asar kakarku ta ɗaure kayanta ta kama hanyar Tsaskiya a ƙasa. Auta ce ta zo tana kuka ta ce Inna ta gaya wa kaji su nemi mai ba su tsaba. Rifkatu ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa.

Ta ce, "Malam, ka kira sunanta. Ka ce ita ta haife ka, a gaban maza, a gaban surukanta."

Na ce, "Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Ci tuwonka."

Mako biyu na yi ina gaya wa kaina wannan shi ne tsananin da aka ce masu bi za su sha. Har na fara shirya wa'azi a kansa.

Ranar wata Alhamis da hantsi sai ga Kawu Sale a kan jakinsa. Dogo ne, mai kiwon shanu, carbi ba ya barin hannunsa, barkwanci ba ya barin bakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da shuka da gajiya, ya tambayi Babba ko ya fara haƙori, ya sha ruwa, ya sake tambayar shuka, duk bai ambaci ƙanwarsa ba. Can ya miƙe.

"Malam Ishaya, taso ka nuna mani ginin nan naka da ake ta labari."

Na yi gaba da alfahari na nufi ƙofa, shi kuwa ya zaga baya, dole na bi shi. Rabona da bayan ɗakin nan tun ranar da muka gama yaɓe. A gindin bango, daidai ƙarƙashin 'yar tagar nan, akwai wani faffaɗan dutse da ya rage lokacin gini. Samansa ya yi sumul. Kewaye da shi ɓawon gyaɗa ne tuli, na ƙasa ya ruɓe ya zama taki, na tsakiya ya yi baƙi, na sama sabo ne. A gefe ga fasasshiyar ƙwarya, na kuwa san ƙwaryar, don da ita ake dama mini fura.

Ya ce, "Zamna."

Na zauna. Ya tafi, na ji ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga ya tsaya inda nake tsayawa, ya yi sallama a hankali kamar mai gudun tada jariri. Na ji shi sarai kamar a kunnena ya yi. Ya dawo ya tsuguna a gabana yana jan carbinsa.

"Shekara uku Kande na zama nan duk Lahadi, Nomau. Ko ana ruwa, ko ana rana. Waƙoƙinku duk ta iya su, ta ishe mu da su wajen surhe. Da ta zo mani tana kuka na ce, Kande, tunda ɗan naki ya kunyata ki, ga ɗaki, ga buta, zo ki yi salla tare da mu. Ba ni ɓoye maka, na so ta amsa. Ka san mi ta ce? Ta ce ita ta riga ta ba da zuciyarta can, ba ta da wata ta biyu. To ni ba ni ɗaukar ƙanwata a kan wautar ɗanta, shi ya sa na zo."

Na ce, "Kawu, me ya hana ta shiga? Ƙofa a buɗe take."

"Ƙoha guda gare ka, wanda ya shiga kuma dole shi zamna shi dube ka ido cikin ido. Tun da aka haihe ka, ka taɓa ganin ta dubi idonka?"

Na fara kawo masa karatu, cewa al'ada ce, an 'yantar da mu daga irin waɗannan. Ya bar ni na gama.

"Wataƙila haka ne, kai ka yi makaranta. Amma da wagga kunya ta so ka tun kana cikin tsumma, ba ta san wata hanya ba. In ka ƙwace ta, da mi za ta so ka?"

Na zauna a kan dutsen nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Kawu ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi kada kunama ta same ni, a ce shi ya jawo.

Ranar Asabar muka tafi Tsaskiya, ni da Rifkatu, kai Babba kana bayanta. Uwarku ta shiga wurin kakarku, ni na tsuguna a bayan zanan da ya kare ƙofar ɗakin. Ina jin ta karɓe ka tana yi maka wasa, tana ce maka angonta, irin wasan kaka da jika. Na gyara murya na yi magana da zana, na ce a gaya wa mai ɗakin nan na yi babban kuskure, na ga dutse, ina roƙon gafara.

Can kakarku ta ce, "Ango, ka ji wani yana magana da zana. Ce mashi an ji, ya wuce. Ce mashi wa'azin nan na mai shuka ya yi daɗi, amma sau huɗu ke nan yana maimaita shi."

Rifkatu ta yi dariya da hawaye, ta ce, "Inna, za ki koma gida?"

"Gida zan koma, kaji na jirana. Amma dutsen nan ba ni ƙara zama kai. Kowa ya san shi yanzu, yara za su riƙa leƙe."

"To ki shigo ciki mana, Inna, ki zauna kusa da ni."

Da kakarku ta amsa muryarta ta yi ƙasa, sai da na manna kunne da zana.

"Ango, ce mata ina so. Ina son in zamna cikin mata in ɗaga murya, ina son a sa ni ruwan baftisma kamar kowa, in ci Jibin Ubangiji tun ina da sauran kwana. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙoha, in na hangi wancan tsaye sai ƙahwata ta ƙi. Ba ni iyawa gabanshi. Allah ya sani na gwada."

A hanyar dawowa na gane girman ɓarnar da na yi. A da tana da dutse, yanzu ba ta da ciki ba ta da waje, kuma ni na yi mata haka da bakina.

Ta dawo gida, amma ranar Lahadi ɗakinta take shiga ta saki labule. Daminar nan kaf na yi ta neman dabara. Na ce a kafa zana a cikin majami'a ta zauna a bayansa, ta gaya wa kaji ita ba amarya ba ce da za a yi ta kallo. Na nemi wani dattijo ya riƙa karɓata wata Lahadin, babu wanda ya iya karatun da zai kai aya biyu. Har na ce zan juya wa jama'a baya in yi wa bango wa'azi, uwarku ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ai bangon ma ya sha isasshe. Abin da ya rage mini shi ne ɗaga murya, ina ihu ko maganar za ta kai gida, har muryata ta dushe. Auta ta ce ba a jin komai sai ƙarfe.

Ina gona ina maimai, noma na biyu, ni kaɗai abin ya zo mini. Wa'azina ne na ranar nan ya dawo mini, cewa mai bin Ubangiji zai bar gida da gona da uwa. Kullum ina karanta shi kamar sanda ce aka ba ni in nuna wasu, ban taɓa tunanin ni za a ce wa tashi ba, kuma ban taɓa tunanin mutum zai iya barin uwarsa don ita ta samu ba. Na ajiye fartanya na zauna a kan kunyar gona. Na yi gardama da Allah sosai a ranar. Na ce ni na gina ɗakin nan, ni na tara mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa ɗaya ce fa. Da na ji kaina na ce "tsohuwa ɗaya", sai kunya ta kama ni, na san gardamar ta ƙare.

Na hau keke na tafi Safana ranar da shugabanninmu suke zama, na roƙa a canza mini wurin aiki. Suka yi mamaki, don ba a saba ganin mai ɗaki cike yana neman tashi ba. Babban faston, wani tsoho mai sanyin magana, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Ishaya, akwai laifi ne?"

Na ce, "Akwai, Baba, nawa ne, amma ba irin wanda kuke zato ba. Ku gafarce ni, ba zan iya faɗa ba."

To kun ji inda duk jita-jitar ta samo asali. In na yi bayani, sai na sake ɗauko sunan uwata na shimfiɗa a gaban maza, don haka na bar su da zatonsu. Suka tura ni wani ɗan ƙauye a bayan Wagini inda masu bi ba su cika tabarma biyu ba, a gindin bishiya suke sujada. A madadina suka turo Malam Dauda, wani dattijo mai i'ina, wanda mu matasa muke kwaikwayon karatunsa muna dariya in an je taro. Da na ji sunansa sai da na ji kamar an mare ni.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi don na yi shi saboda Allah. Na bar gonar fadama da mahaifina ya bar mini a hannun dangi, na koma noman jigawa. Uwarku ta bar danginta da masu sayen man gyaɗarta, ta koma inda ake tafiya mai nisa kafin a sami ruwa, wata guda tana amsa mini magana da "to" kawai, ko da yake ita ce ta fara cewa daidai na yi. Abokan karatuna suka zama manyan fastoci a birane, ni kuwa tun daga ranar ban ƙara tsayawa a gaban ɗaki cike ba, kuma duk inda na shiga taro sai in ga ana ƙus-ƙus. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana ɗan yi. Ranar da muka tashi, bayan an gama kaka, kakarku ba ta fito ba. Sai da muka sauke kaya a can muka ga wani ƙulli da ba mu muka ɗaura ba, irin gyaɗa ne ɓararre, zaɓaɓɓe, babu ko ɗaya mai tabo. Auta ta ce Inna ta gaya wa kaji an ce ƙasar can gyaɗa tana yi.

Lahadi ta biyu da zuwan Malam Dauda ta shiga majami'a ta zauna a layin gaba. Kafin tafki ya ƙafe aka yi mata baftisma. Ban je ba, Auta ce ta kawo labari. Ta ce da fasto ya tambaye ta sunan da take so, ta ce Kanden dai, ta tsufa da koyon amsa sabon suna. Kawu Sale bai zo ba, amma ya aiko da zabi biyu.

Na daure har damina ta zagayo, gero ya fi mutum tsawo. Wata Lahadi na ce wa mutanena sai da yamma za mu yi sujada, na hau keke tun da sassafe. Ina isowa ana buga ƙarfena a jikin tsamiyata. Na bi ta cikin gonaki, na jingine keken a cikin gero, na lallaɓa na zauna a kan dutsen. Ciyawa ta fara rufe shi. Na ji Malam Dauda yana fama da kalmominsa, yana hawa yana zamewa, amma abin da ya faɗa a ɗan lokaci kaɗan ya shiga raina fiye da abin da nake faɗa a rabin yini. Aka ɗauki waƙa, matan suna buga tulu, sai ga wata murya ta fi ta kowa ƙarfi, tana gaba da kowa da rabin layi, ba ta damu ba. Ban taɓa jin uwata tana waƙa ba sai ranar. Da aka gama, Malam Dauda ya ce Inna Kande ta rufe mana da addu'a.

Ta yi wa ruwa addu'a, ta yi wa gero, ta yi wa wata mai ciki, ta yi wa wanta Sale da shanunsa, ta yi wa akuyar wani da ta ɓata. Har na fara murmushi ina cewa ashe tsawon magana gado na yi. Sai ta ɗan tsaya.

"Ubangiji, ga kuma Nomau. Kai ka ba ni shi, ka san shi, baki gare shi amma cikinshi hwari ne. Yana can bayan Wagini inda ruwa ke da nisa. Ka ba shi mutane, ka rage mashi tsawon wa'azi don su zamna. Nomau nawa, ɗana na hwari. Ka riƙe mani shi."

Ina da shekara talatin da 'yan kai, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Na cusa hular kaina a baki don kada a ji ni ta taga. Kafin a ce amin na shige cikin gero, na tura keke har na yi nisa, don idona ba ya ganin hanya.

Ban gaya wa kowa ba, ko uwarku. Bayan mako uku Auta ta zo ganinmu, muna cin abinci ta ce, "Yaya, Inna ta ba kaji wani saƙo, ban gane kansa ba. Ta ce dutsen nan yana da sanyi da damina, in wani zai ƙara zama kai, shi riƙa zuwa da buhu." Sawun keke ta gani, ko tun tana addu'ar ta san ina nan, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Auta dai ta ce duk ranar da aka ba ta addu'a haka take yi. Na koma sau da yawa a shekarun da suka biyo, da buhuna. Har ta rasu ba ta dubi idona ba, ba ta kira ni a fuska ba, ni kuwa ban ƙara jin na rasa komai ba.

Yanzu Gidan Ɗanbaƙo ba kowa, tun da rashin kwanciyar hankali ya tashe mu duka muka dawo gari. An ce rufin majami'ar ya tafi, bango ya fara zubewa. Dutsen dai na san yana nan, ba wanda zai ɗauke shi.

Saura magana ɗaya. Babba, uwarka ta gaya mini ka taɓa yi mata ƙorafi, ka ce ina kiran ƙannenka kowa da sunansa, kai kuwa tun da ka yi wayo ba ka ji naka na ainihi a bakina ba sai dai Babba, ko ranar aurenka. Gaskiya ne. Ni da na yi wa'azi a kan abin nan na tashi na tarar yana cikin jinina, na gwada, harshena ya ƙi. Amma kullum da safe, in na sha kokona, ina yin addu'a da ƙarfi, ka san muryata ba ta iya yin ƙasa. Tagar ɗakina a buɗe take, akwai benci a ƙarƙashinta. Ba sai ka zo da buhu ba, na sa an shimfiɗa.